Yahudu da Nasara: yadda coci ya koma ya gyara wa'azinsa a kan Yahudawa

A bakin Bahaushe, "Yahudu da Nasara" kusan kalma ɗaya ce. Mai wa'azi zai faɗe su a numfashi guda, mai sharhi a Facebook ma haka, kamar tun fil azal jirgi ɗaya ya kwaso su. Wanda ya tashi da jin wannan zai sha mamaki idan ya leƙa tarihin Turai, domin a can babu wanda ya gallaza wa Bayahude kamar maƙwabcinsa Kirista. Shekaru aru-aru, makon da ya fi kowane mako haɗari ga Yahudawan ƙauyuka da biranen Turai shi ne makon Ista. Ranar Juma'ar tunawa da gicciye Yesu, idan jama'a suka fito daga coci da zafin wa'azin da suka sha, Yahudawa kan shige gida su danna sakata. Jituwar da ake gani yau, inda Fafaroma ke shiga wurin ibadar Yahudawa a rungume shi, ba ta cika shekara tamanin ba. Kuma ba daga teburin taro da ɗaukar hoto ta faro ba. Ta faro ne lokacin da wasu suka tilasta wa coci ya duba abin da yake koya wa 'ya'yansa game da Yahudawa a inda babu Bayahude ko ɗaya da ke saurare.

Tushen rigimar tuhuma ce guda: wai Yahudawa ne suka kashe Almasihu, kuma alhakin yana bin su har jikokin jikoki. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba tun farko, don haka nauyin wannan tuhuma ba lalle ya faɗo masa da sauri ba. Amma ga wanda ya yi imani cewa Yesu Ubangiji ne, cewa wata al'umma ta kashe shi daidai yake da cewa ta kashe Allah. An jingina tuhumar da ayar Matiyu 27:25, inda taron jama'a a gaban gwamnan Romawa Bilatus ke cewa alhakin jininsa yana wuyansu da wuyan 'ya'yansu. Aka haɗa ta da wata koyarwa, cewa Allah ya warware alkawarinsa da Bani Isra'ila ya miƙa wa coci, saboda haka warwatsuwarsu a duniya da ƙasƙancinsu hukunci ne da ya kamata kowa ya gani. A shekarun 386 da 387, John Chrysostom, ɗaya daga cikin manyan malaman coci na farko, ya yi jerin wa'azi a Antakiya yana zagin Yahudawa da wuraren ibadarsu. Abin da ya tunzura shi ma abin lura ne: mabiyansa ne ke zuwa bukukuwan Yahudawa, shi kuma yana so ya raba su.

Daga mumbari maganar ta koma doka, daga doka ta koma takobi. A 1096 mayaƙan yaƙin gicciye na farko, tun kafin su kama hanyar Ƙudus, sun fara da karkashe Yahudawan Worms da Mainz a Jamus. A 1144 a garin Norwich na Ingila aka ƙago ƙaryar cewa Yahudawa na yanka yaran Kiristoci don tsafi, ƙaryar da ta zaga Turai tana cin rayuka. Babban taron coci na Lateran a 1215 ya wajabta wa Yahudawa, da Musulmi ma, sa tufafin da zai bambanta su. Ingila ta kori Yahudawa a 1290, Sifen a 1492, sannan a 1555 Fafaroma Paul na huɗu ya killace Yahudawan birnin Roma a unguwa mai ganuwa da ake kulle ƙofofinta da dare. 'Yan Furotesta ma ba su tsira ba. Martin Luther, jagoran kafa ɗariƙar Furotesta, wanda da farko ya yi zaton Yahudawa za su karɓi wa'azinsa, da suka ƙi sai ya rubuta a 1543 cewa a ƙona wuraren ibadarsu, a rushe gidajensu, a ƙwace littattafansu, a hana malamansu koyarwa.

Shekarar 1492 tana da abin da za ta faɗa mana mu ma. Waɗanda Sifen ta kora, Sarkin Musulmi Bayazid na biyu ne ya buɗe musu ƙofofin daular Usmaniyya. A daidai wannan lokacin kuma, a Tuwat ta kudancin Aljeriyar yau, Shaihu Almagili ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit duk da alƙalin yankin ya saɓa masa, kafin ya gangaro ƙasar Hausa ya zama mai ba Sarki Muhammadu Rumfa na Kano shawara. Ke nan kowace al'umma tana da shafin da za ta yi alfahari da shi da wanda za ta karanta a hankali.

'Yan Nazi ba don Almasihu suka kashe Yahudawa miliyan 6 ba. Aƙidarsu ta jini da launin fata ce, Bayahuden da aka yi wa baftisma ma bai tsira ba, kuma Hitler ba ya ganin coci da gashi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Da aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a faɗin Jamus a daren 9 ga Nuwamban 1938, jama'ar da suka tsaya suna kallo jikokin waɗanda suka shekara ɗaruruwa suna jin cewa mutanen nan la'anannu ne. An samu waɗanda suka tsaya tsayin daka. Babban bishop na Toulouse, Jules Saliège, ya sa an karanta wasiƙarsa a coci-coci a Agustan 1942 yana cewa Yahudawa mutane ne, 'yan'uwa ne, ba komai aka halatta a yi musu ba. Fasto André Trocmé da mutanen ƙauyensa na Le Chambon sun ɓoye dubbai. Shugabannin cocin Bulgeriya sun taka rawa wajen hana kwashe Yahudawan ƙasar a 1943. Sai dai waɗannan tsiraru ne. Ranar 16 ga Oktoban 1943 an kwashe Yahudawa sama da 1,000 daga birnin Roma, kusan a ƙarƙashin tagar Fafaroma Pius na 12, 16 kacal suka dawo. Gidajen sista-sista da na fada-fada da yawa sun ɓoye mutane, amma Fafaroman bai fito fili ya yi tir da kamen ba, kuma har gobe ana taƙaddama a kan wannan shirun. Ko bayan yaƙi, da shugabannin Furotesta na Jamus suka yi iƙirarin laifinsu a Stuttgart a Oktoban 1945, ba su ambaci Yahudawa ba.

Mutumin da ya fi kowa ingiza coci ya duba kansa ba malamin addini ba ne. Jules Isaac Bayahuden Faransa ne, masanin tarihi, wanda yaran ƙasar suka daɗe suna karanta littattafansa a makaranta, har ya kai babban sufeton ilimi. Gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus ta kore shi daga aiki a 1940 don kawai shi Bayahude ne. A Oktoban 1943 'yan sandan Gestapo suka dira masaukinsu a garin Riom ya ɗan fita, suka tafi da matarsa. Ita da 'yarsu da mijin 'yar duk a hannun 'yan Nazi suka mutu. Kafin a tura ta Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, matar ta samu ta aiko masa da 'yar takarda tana cewa ya kula da kansa, ya kammala aikin da ya fara domin duniya na jiransa. Aikin kuwa shi ne zama da Linjila aya bayan aya, yana gwada abin da nassi ya faɗa da abin da littattafan koyar da yara da na wa'azi suka ɗora masa. Abin da ya gano ya kira shi koyar da raini.

A ƙarshen Yuli zuwa farkon Agustan 1947, mutum kusan 65, Yahudawa da Katolika da Furotesta daga ƙasashe 19, suka haɗu a ƙauyen Seelisberg na Suwizalan. Isaac ya zo da nasa jerin gyare-gyare, aka tace su suka koma maki goma da aka aika wa coci-coci. In ka karanta su yau sai ka ce ai wannan a bayyane yake. A tuna cewa Allah ɗaya ne yake magana a Tsohon Alkawari da Sabo. A tuna cewa Yesu Bayahudiya ce ta haife shi, almajiransa na farko da shahidan farko duk Yahudawa ne. Kada a riƙa amfani da sunan "Yahudawa" da ma'anar maƙiyan Yesu. Kada a ba da labarin gicciye ta yadda za a jefa wa al'umma guda laifin. Cewa sai da aka yi taro kafin a faɗi waɗannan, shi ke nuna nisan da aka yi.

Shekara 13 bayan nan Isaac ya samu ganin Fafaroma John na 23, ranar 13 ga Yunin 1960, yana tsoho mai shekara 82, kunnensa ma ya yi nauyi. Ya yi dace da mutum. Wannan Fafaroman ya yi wakilcin Batikan a Turkiyya lokacin yaƙi, ya taimaka wa Yahudawa da dama tserewa, kuma a 1959 ya sa an cire kalmar da ke siffanta Yahudawa da marasa amana daga addu'ar Juma'ar gicciye. Addu'ar nan ita kanta abin dubawa ce. A jerin addu'o'in ranar, jama'a kan durƙusa ga kowane rukuni da ake yi wa addu'a, har da masu bautar gumaka, amma idan aka zo kan Yahudawa sai a tsaya a tsaye. Sai 1955 aka gyara wannan. Da za su rabu, Isaac ya tambaya ko zai iya tafiya da ɗan fata a zuciyarsa, Fafaroman ya ce yana da haƙƙin abin da ya fi fata, amma shi ba sarki ne mai yanke hukunci shi kaɗai ba, sai ya yi shawara. Bayan wata uku ya ɗora wa Kadinal Augustin Bea, Bajamushe masanin Littafi Mai Tsarki, aikin shirya takarda a kan Yahudawa domin babban taron bishop-bishop na duniya da ya kira. Daga Fafaroman har Isaac babu wanda ya ga ƙarshen aikin, dukansu sun rasu a 1963.

Takardar ta sha wuya kafin ta fito. Masu ra'ayin riƙau sun ce coci ba ya kuskure, to yaya za a ce koyarwar ƙarnoni ta karkace? Har wani ƙaton littafi aka rarraba wa mahalarta taron da ke cewa duk shirin makircin Yahudawa ne. Adawar da ta fi nauyi kuwa daga gabas ta zo. Bishop-bishop na ƙasashen Larabawa, irin su shugaban cocin Melkite, Maximos na huɗu, sun ji tsoron a fassara takardar da amincewa da ƙasar Isra'ila, mabiyansu a Siriya da Masar da Jodan su kwana a ciki. Ba tsoron banza ba ne, gwamnatocin Larabawa sun matsa lamba ƙwarai. Daga ɓangaren Yahudawa ma ba baki ɗaya aka yi ba. Da wani daftari na 1964 ya fito da fatan wata rana Yahudawa za su shigo coci, Rabbi (wato malamin Yahudawa) Abraham Joshua Heschel, wanda 'yan Nazi suka kashe masa uwa da 'yan'uwa mata, ya ce in zaɓi ne tsakanin barin addininsa da mutuwa, a shirye yake ya tafi Auschwitz. Rabbi Joseph Soloveitchik na Boston kuwa cewa ya yi a haɗa kai a kan talauci da yaƙi da haƙƙin ɗan Adam, amma kada a zauna cinikin aƙida, domin mai rinjaye da marar rinjaye ba sa irin wannan ciniki a tashi daidai.

Hanyar da aka bi aka fita ita ce ta shafe mu kai tsaye. Tunda bishop-bishop na gabas da na Asiya da Afirka sun ce ba za a yi maganar Yahudawa a tsallake sauran addinai ba, sai aka faɗaɗa takardar. Haka aka samu sakin layi na uku, inda a karon farko babban taron cocin Katolika ya ce yana kallon Musulmi da girmamawa, masu bauta wa Allah ɗaya, mai rahama, mai iko duka, masu girmama Yesu a matsayin annabi da mahaifiyarsa Maryamu, masu riƙo da salla da sadaka da azumi. Bai ambaci Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko Alƙur'ani ba, kuma Musulmi sun lura da hakan. Duk da haka, ƙofar da cocin Katolika ke bi yana tattaunawa da Musulmi a yau, ƙoƙarin gyara alaƙa da Yahudawa ne ya buɗe ta. Ranar 28 ga Oktoban 1965 aka zartar da takardar, mai suna Nostra Aetate, da ƙuri'a 2,221, masu adawa 88. A cikin mahalarta zaman ƙarshe na taron akwai wani matashin bishop ɗan Najeriya mai shekara 32, Francis Arinze, wanda daga baya ya shugabanci ofishin Batikan na tattaunawa da sauran addinai har zuwa 2002.

Abin da ta ce a kan Yahudawa bai cika shafi biyu ba. Ba za a ɗora abin da ya faru da Yesu a kan dukkan Yahudawan zamaninsa ba, balle na yau. Kada a nuna su a matsayin waɗanda Allah ya yasar ko ya la'anta. Coci yana takaicin ƙiyayya da tsanantawa da duk wata ƙyamar Yahudawa, ko daga wa ta fito, ko a wane zamani. Ba ta nemi gafara ba, ba ta ambaci kisan kiyashin ba, ba ta ambaci Isra'ila ba. Wasu Yahudawa ma sun ji haushin yadda jaridu suka ba da labarin, wai an wanke su, kamar da ma akwai laifin da za a wanke. A ganina ƙarfinta yana cikin umurnin da ta bayar cewa kada a koyar da saɓanin wannan a darasin yara ko a wa'azi. Da wannan ta sauka daga fadar Batikan zuwa hannun malamin makarantar Lahadi.

A nan ne aikin ya yi tsauri, kuma ƙauyen Oberammergau na kudancin Jamus ya nuna yadda yake. Mutanen garin sun yi bakance a 1633 lokacin annoba cewa za su riƙa yin wasan kwaikwayon gicciye Yesu, suka fara a 1634, kuma har yau suna yi duk shekara goma. Kusan mutum 2,000 'yan garin ke fitowa, 'yan kallo kusan rabin miliyan. A tsohon tsarin, malaman Yahudawa kan fito da huluna masu kama da ƙaho, ɗaruruwan mutane na kururuwar a gicciye shi, Bilatus kuwa mutumin kirki ne da aka fi ƙarfinsa. Hitler ya kalla a 1934, ya kuma yaba. Bayan 1965 ƙungiyoyin Yahudawan Amurka suka yi ta kai ƙorafi, 'yan gari suka yi ta turjiya, ai gadon kakanni ne. Sai da wani ɗan garin, Christian Stückl, ya karɓi ragamar wasan daga 1990 abubuwa suka fara motsi da gaske. Aka cire hulunan. A 2000 aka cire ayar alhakin jini gaba ɗaya. A 2010 Yesu ya fito yana ɗaga naɗin Attaura, jama'a na rera kalmar kaɗaita Allah ta Yahudawa da Ibrananci, Bilatus kuma ya koma azzalumin gwamnan mulkin mallaka kamar yadda tarihi ya san shi. Shekara 35 aka ɗauka kafin jimla ɗaya ta fita daga bakin 'yan wasan ƙauye guda.

A garin Wittenberg na Jamus kuwa har yau ba a gama ba. A bangon cocin da Luther ya yi wa'azi akwai wani sassaƙen dutse na sama da shekara 700, wanda ke nuna Yahudawa suna tsotson nonon alade, malaminsu na ɗaga wutsiyarta yana leƙawa. An kafa abin tunawa a ƙasansa a 1988, daga baya aka ƙara allon bayani. Wani Bayahude ya kai ƙara a cire shi, babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke a Yunin 2022 cewa zai iya zama, tunda bayanin ya mai da shi gargaɗi. Wasu Yahudawa sun yarda da haka, suna ganin cirewa ɓoye shaida ne. Wasu sun ce zagi zagi ne ko an rataya masa allo.

Fafaroma John Paul na biyu, wanda ya tashi da abokai Yahudawa a garin Wadowice na Poland, shi ya mai da takardar abin da ido ke gani. Ranar 13 ga Afrilun 1986 ya shiga babban wurin ibadar Yahudawan Roma, ya kira su yayyen Kiristoci. A ƙarshen 1993 Batikan da Isra'ila suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kai ga ƙulla jakadanci, a 2000 kuma ya sa takardar neman gafarar Allah a tsagin bangon da Yahudawa ke addu'a a Ƙudus. Tuntuɓe bai ƙare ba. An shafe shekaru ana rigima kan gidan sista-sista da aka buɗe a gefen sansanin Auschwitz kafin su tashi a 1993. A 2009 Fafaroma Benedict ya ɗage korar da aka yi wa wasu bishop huɗu, sai ga ɗayansu, Richard Williamson, a talabijin yana musun cewa an kashe Yahudawa da iskar gas. Amma zuwa lokacin akwai mutanen da suka san juna a ɓangarorin biyu, masu iya ɗaga waya su faɗa wa juna magana mai ɗaci. A 2000 malamai da masana Yahudawa sama da 200 suka fitar da tasu sanarwar, Dabru Emet, wadda ta ce aƙidar Nazi ba Kiristanci ba ce, amma da ba don doguwar ƙiyayyar Kiristoci ba da ba ta samu gindin zama ba. A 2015 Batikan ta ce cocin Katolika ba ya gudanar da wani shiri na musamman don juyar da Yahudawa. Ga addinin da ya ginu a kan kai bishara ga kowa, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma coci-cocin bishara da yawa ba su yarda da ita ba.

Ko tsohuwar koyarwar ta mutu? Wanda ya harbe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa na birnin Pittsburgh a Amurka a Oktoban 2018 ya liƙa ayar Yohanna 8:44 a shafinsa na intanet, yana cewa Yahudawa 'ya'yan Shaiɗan ne. Bayan wata shida wani saurayi mai shekara 19, ɗan coci mai zuwa ibada, ya buɗe wuta a Poway ta jihar Kalifoniya ya kashe mace guda. A takardar da ya bari ya kawo tuhumar kisan Almasihu, har ya ambaci Simon na Trent, yaron da aka yi wa Yahudawa ƙazafin kashewa a 1475, wanda cocin Katolika da kansa ya soke girmama shi a 1965. Wata guda kafin nan, shi dai wannan saurayin ya cinna wa wani masallaci wuta a Escondido. Mai ƙin Bayahude a Turai da Amurka a yau, da wuya ka same shi yana son Musulmi. Ƙungiyoyin Musulmin Amurka sun fahimci haka, bayan harin Pittsburgh sun tara sama da dala 200,000 don iyalan waɗanda abin ya shafa.

Zumuncin da ya fi tasiri sau da yawa ba ya bukatar masana. A Disambar 1993 a garin Billings na jihar Montana ta Amurka, wani ya jefa bulo ta tagar ɗakin wani yaro Bayahude mai shekara 5, saboda an sa alamar fitilar bikin Yahudawa na Hanukka a tagar. 'Yan sanda suka ba uwar shawarar ta cire alamar. Da labarin ya fita, coci-cocin garin suka sa yaran makarantar Lahadi zana fitilar, jaridar garin ta buga hotonta a cikakken shafi don a yanka a manna. Aka farfasa tagogin wasu coci da gilasan motocin wasu Kiristoci, mutane suka ƙara mannawa, har dubban gidaje suka ɗauka a garin da Yahudawansa ba su taka kara sun karya ba.

Akwai wani nau'in ƙaunar da ya kamata a ware, domin shi ya fi yawa a coci-cocin Najeriya, inda ake ganin tutar Isra'ila a gefen mumbari, gwamnati kuma ke da hukumar kai maniyyata Kiristoci Ƙudus tun 2007. Da yawan masu wannan ra'ayi, musamman a Amurka, suna goyon bayan Isra'ila ne don sun yi imani taruwar Yahudawa a can sharaɗi ne na dawowar Almasihu, bayan nan kuma Bayahude ya karɓe shi ko ya hallaka. Fasto John Hagee, wanda ya kafa babbar ƙungiyar Kiristoci masu goyon bayan Isra'ila a 2006, ya taɓa wa'azin cewa Hitler mafarauci ne da Allah ya aiko don kora Yahudawa zuwa ƙasarsu. Da maganar ta fito a 2008, ɗan takarar shugaban ƙasa John McCain ya ce ba ya son goyon bayansa. Mutum na iya ɗaga tutar Isra'ila alhali kallon da yake yi wa Bayahude bai wuce na kayan aikin cika annabci ba.

Kiristocin Falasɗinu su ne wannan ra'ayi ya fi ƙuntata wa. A sanarwarsu ta Kairos a Disambar 2009 sun ce ana amfani da Littafinsu ana halatta ƙwace gonakinsu, kuma Turawa na biyan bashin laifinsu da dukiyar wasu. Ƙorafi ne mai tushe, kuma tattaunawar da aka gina a Turai ta daɗe tana kauce masa. Iyakar da nake ganin ta fi tsayuwa ita ce wannan: sukar gwamnatin Isra'ila, ko da kakkausar murya, ko da kiran abin da take yi da sunan da ya fi muni, ba ƙyamar Yahudawa ba ce, Yahudawa da yawa ma na yi. Amma ranar da aka kama Bayahuden Landan da laifin abin da aka yi a Gaza, ko aka ce su ke juya kuɗin duniya da cututtukanta, an koma tsohon wa'azi. Ƙasidar nan ta "ka'idojin dattawan Sihiyona" da ake yawo da guntayenta a WhatsApp, a Rasha aka fara buga ta a 1903, kuma tun 1921 jaridar Times ta Landan ta nuna satar rubutu ce daga wani littafin barkwancin siyasa na Faransa da bai ma ambaci Yahudawa ba.

Yaƙin Gaza ya girgiza ginin fiye da komai tun 1965. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe mutum kusan 1,200 aka kuma yi garkuwa da kusan 250, malamai da masana Yahudawa sama da 400 sun rubuta wa Fafaroma Francis suna neman coci ya tsaya tare da su ƙarara. Ya amsa a Fabrairun 2024 cewa ƙyamar Yahudawa zunubi ne ga Allah. Amma shi ɗin ne kuma ke kiran cocin Katolika ɗaya tilo na Gaza a waya kusan kowane dare, cocin da aka harbe uwa da 'yarta a harabarsa a Disambar 2023, kuma a Nuwamban 2024 ya ce a bincika ko abin da ke faruwa ya kai kisan ƙare dangi. Zuwa ƙarshen Yulin 2025, ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce waɗanda aka kashe sun haura 60,000. Yahudawa da yawa sun ga Fafaroman ya juya musu baya, Falasɗinawa da yawa sun ga shi kaɗai ne babban da bai manta da su ba.

Da Fafaroma Francis ya rasu a Afrilun 2025, ma'aikatar harkokin wajen Isra'ila ta wallafa ta'aziyya sannan ta goge, kuma jakadanta a Batikan kawai ta tura jana'iza. Babban malamin Yahudawan Roma, Riccardo Di Segni, wanda ya sha sukar Francis a bainar jama'a kan Gaza, ya je, kuma da ƙafa ya taka saboda ranar Asabar ce. Sabon Fafaroma, Leo na 14, tun a kwanakinsa na farko ya aika wa shugabannin Yahudawa saƙon cewa zai ci gaba da tattaunawar bisa tafarkin Nostra Aetate. Ranar 17 ga Yulin 2025 harin sojan Isra'ila ya faɗa kan cocin nan na Gaza, mutum uku suka mutu, limamin cocin ya ji rauni a ƙafa. Washegari Firaminista Netanyahu ya kira Fafaroman a waya, shi kuma ya sake neman a tsagaita wuta.